Wanda Yake Kwance Gurar Masunta

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da ke fili da abin da ke ɓoye, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku masu karatu, ni dattijo ne wanda gemunsa ya yi fari a kan allo da littafi, ba mai tatsuniya ba ne, kuma na san hukuncin wanda ya ƙagi abin da bai gani ba ya ce ya gani. To wallahi, Allah ɗaya, abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, da rana tsaka, idona biyu, ba zazzaɓi nake yi ba.

Shekaru kusan talatin da suka wuce, an tura ni koyar da Larabci da addini a makarantar firamare ta wani ƙauye a ƙasar Roni, can tsakanin duwatsu, ta wajen hanyar da ake ratsawa zuwa Gwiwa. Ba zan ambaci sunan garin ba, kuma sunayen mutanen da za ku ji ba su ne na yanka ba, domin 'ya'yansu suna raye kuma suna karatu. Limamin garin ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai a hankali aka ɗora mini jan salla da ɗaurin aure da raɗin suna, har da abin da na fi ƙi a cikinsu duka, wato ba wa mutum rantsuwa.

A yamma da garin akwai tafki babba wanda ba ya ƙafewa. Idan damina ta yi ƙarfi sai ya cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi ruwan ya hayayyafa a cikin ciyawa. Da kaka kuwa, idan an yanke gero ruwan fadama ya soma ja da baya, sai kifin ya juyo zai koma tafki, kuma ba shi da hanya sai wani mashigi guda ɗaya tsakanin duwatsu biyu. A nan masunta suke tare shi. Wanda aka fi nema shi ne farin dumi, wani kifi mai manyan ɓawo da kaurin leɓe, wanda yake kiwo a ƙasan ruwa kamar tunkiya a saura. A kaka yakan yi kitse har masu saye su zo daga Kazaure a kan babura.

Da gura ake kama shi, wani keji na sanda da raga da ake sa wa dunƙulen dusa a ciki, kifi ya shiga ya kasa fita. Ana gitta igiya daga dutse zuwa dutse a rataye gurar a jere. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, kowane gidan masunta yana da irin ƙullin da yake ɗaure bakin gurarsa da shi, uba ya koya wa ɗa, kuma da ƙullin nan ake sanin gurar wane ce, kamar yadda ake sanin saniya da shaidar da ke jikinta.

A farkon kakar shekarar da abin ya faru, Sarkin Ruwa Haladu ya yi sallama a zaurena. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai kaifin baki, bai daɗe da gadar sarautar daga wan mahaifinsa, Baba Ɗanlami, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan ba. Ya ce yana da tambaya. Ya ce sun gaji wata al'ada: a tsakiyar mashigin ana barin wuri kamar faɗin gaba biyu ba a sa gura, ana cewa rabon masu ruwa ne, shin addini ya yarda a ware wa aljanu rabo? Ni kuwa da jin haka sai na gyara zama, na ce masa ba a ware wa kowa komai da nufin neman tsari sai Allah, yin haka ƙofar shirka ce, na jawo masa dalilai har ya gaji da gyaɗa kai. Ban tambaye shi yaya wurin yake ba. Ban ce a kai ni in gani ba. Ni da tafkin nan sai hange daga kan hanya. Ya yi godiya ya tashi, kashegari aka toshe gurbin da gura huɗu, biyu daga ciki nasa.

Ba a yi kwana goma ba ƙorafi ya tashi. Masunta sukan sa dusa da sassafe su wuce gona, su dawo bayan la'asar su kwashe kifi. Sai aka fara tarar da wasu gurar wayam, an kwance bakinsu, an zazzage, an kuma mayar an ɗaure tsaf. Amma ba da ƙullin masu su aka mayar ba, da ƙullin marigayi Baba Ɗanlami. Mutum ɗaya ne kuwa a garin aka sani ya iya wannan ƙulli, shi ne Buba.

Buba Bafillace ne mai kimanin shekara arba'in. Ciwo ya shiga garkensa ya ƙarar da shi, ya dawo gefen gari da mata da 'ya'ya bakwai ba shi da ko akuya. Baba Ɗanlami, wanda 'ya'yansa duka mata ne, ya ɗauke shi ya koya masa ruwa, ya koya masa hawan gora, wato babbar ƙwaryar da masunci yake kifa cikinsa a kai ya yi iyo, har ya ba shi ƙullin gidansa. Danginsa na ruga sun daina cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya wai yana ƙarnin kifi, masunta kuma kullum cikin zolayarsa suke, wai ya saki wutsiyar saniya ya kama ta tarwaɗa. Shi dai murmushi yake yi. Ban taɓa juyawa bayan sallar asuba ban gan shi a sahun farko ba.

Aka kai magana gaban dagaci, aka aiko a kira ni. Na tarar Haladu ya ajiye gura ɗaya a tsakiyar fili yana nuna bakinta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙulli ba ya ƙarya. Kowa ya duba."

Buba yana durƙushe, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙullin na Baba ne. Hannun ba nawa ba ne."

Wani tsoho a cikin masunta ya ce shi dai tunda yake bai taɓa jin ɓarawon da zai yi sata ya tsaya ya rufe ƙofa, ya kuma rubuta sunansa a jikinta ba. Aka yi dariya, ban da Haladu. Ya ce hannu ne ya saba, mai gaggawa ba ya tuna canza ƙulli. Dagaci ya tambaya ko an ga Buba yana sayar da kifin da ya wuce nasa. Babu wanda ya gani. Haladu ya ce ai iyakar ƙasa ba nisa, mai babur yana kaiwa ya dawo kafin a ankara, ko kuwa ana yin bandarsa a ruga. Tsohon nan ya sake cewa ranar da aka ga Fulani suna bandar kifi a ruga, to a fara shirin tashin alƙiyama.

Da aka rasa shaida, sai dagaci ya juyo gare ni. Na faɗi ƙa'idar da kowa ya sani: hujja tana kan mai tuhuma, idan babu, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A garin kuwa lafazin rantsuwar sata gaɓa uku ne, haka na tarar ana yi: mutum ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a masallaci bayan sallar Juma'a, ya ce bai yi ba, bai sa an yi ba, bai kuma san wanda ya yi ba. Dagaci ya yanke cewa ranar Juma'a mai zuwa Buba ya rantse ya wanku, idan ya ƙi kuwa a fasa gorarsa, a ƙona gurarsa, kada a sake ganin ƙafarsa a bakin tafki.

Buba ya ɗaga kai ya roƙi in maimaita masa lafazin. Na maimaita. Sai ya ce ba zai rantse ba.

Ni kaina, wallahi, ban yi tsammanin haka ba. Da yamma na kira shi zaurena, na ce masa rantsuwa a kan gaskiya ba ta cin mai ita, na san Fulani suna jin nauyin dafa Littafi ko da suna da gaskiya, amma ya dubi bakin yara bakwai. Na ce idan kuma shaiɗan ne ya rinjaye shi, ya faɗa mini a asirce, in san yadda zan rufa masa asiri. Ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da tsinke, ya ce bai ɗauki kifin kowa ba, amma in yi masa uzuri. Na juya tambayar ta kowace fuska, amsarsa ɗaya.

Daga ranar zuciyata ta zama kasuwar zato, Allah ya yafe mini. In na dubi Buba sai in ce mai gaskiya me zai hana shi rantsuwa. In na dubi Haladu sai in ce wannan ya girma yana kallon hannun wan ubansa, wa ya tabbatar bai iya ƙullin ba, kuma kowa ya san yana jin zafin baƙon da aka fifita a kansa. Har tsohon nan mai ba'a na zarga, na ce yawan dariya wani lokaci mayafi ne. Na san wani sashe na zato zunubi ne, na sha karantar da haka, amma sanin magani daban, shan sa daban.

Sai na ce a raina ba zan bari a raba mutum da abincin iyalinsa ina zaune a kan buzu ba. Na bincika aka ce an taɓa yin gadi daga magariba har wayewar gari ba a ga kowa ba, ɓarnar ba ta faruwa sai tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da kowa yake gona. Na je wa dagaci a keɓe na ce ya kira gayyar sussukar geronsa ranar Laraba, ya sa Buba da Haladu su duka biyu a ciki, kada ya bari ɗayansu ya ɓace masa da gani ko da na zagayawa ne, kada kuma ya faɗa wa kowa dalili. Ya yarda.

Ranar Laraba na ba da darasin safe, na ɗauki lema da buta da carbi, na bi ta bayan gari har mashigin. Na hau dutsen gabas na zauna a inuwar wata bishiyar marke, inda nake ganin igiyar daga wannan baki zuwa wancan. Abin da na fara gani ya tayar mini da hankali tun kafin komai. Gurar nan sun toshe mashigin kaf kamar katanga. A bayansu, ta ɓangaren fadama, kifi ya taru har ruwan ya yi duhu, ana ganin bayansu suna ta zagaye, ƙananan da ba su kai a ci ba wasu sun mutu sun taso suna farin ciki a sama, balbelu suna ta tsinta. Nan na fara gane abin da bakina ya jawo, amma ba shi ya kawo ni ba, sai na ci gaba da jan carbi.

Na zauna har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Ba iska, ba motsin mutum, sai kukan kurciya daga nesa. Idona bai bar ruwan ba, na rantse, illa ɗan lokacin da na sunkuya na zuba ruwan buta a tafin hannu na shafa a fuska. Da na ɗago sai ga mutum a tsakiyar mashigin.

Yana tsaye, ruwa iya ƙugunsa, ya ba ni baya. Malfa ce a kansa, tsohuwa, gefenta ya zare, jikinsa ba riga. Ban ga ta inda ya shiga ba, ban ji ƙarar shigarsa ba, balbelun da ke kusa da shi kuwa ko ɗaya ba ta tashi ba. A lokacin ban ba wa wannan muhimmanci ba, abin da ke raina kawai shi ne, alhamdu lillahi, ga ɓarawo. Ya kama igiyar gura ɗaya ya jawo ta sama, ya kwance bakin a natse, ya karkata ta ta ɓangaren tafki. Na ga farin dumi manya suna zubewa suna walƙiya. Bai ɗauki ko ɗaya ba, ba jaka a tare da shi, ba ƙwarya. Ya riƙe gurar a sama ya daɗe, kifin da ya taru a baya yana wucewa ta ƙarƙashin hannunsa, sannan ya ɗaure ya mayar, ya taka zuwa ta gaba. Takawa nake ce muku, irin ta manomi daga kunya zuwa kunya.

Na auna shi da ido. Ya fi Buba faɗin kafaɗa, bai kai Haladu tsawo ba. Na ce wataƙila baƙo ne aka ɗauko. Na miƙe tsaye na yi masa sallama da ƙarfi.

Ya amsa, cikakkiyar amsa har da rahama da albarka, bai juyo ba. Tsakanina da shi ya kai jifan dutse, kuma bai ɗaga murya ba, amma na ji ta kamar muna zaune a tabarma ɗaya.

Na ce, "Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Wannan kayan mutane ne."

Ya ce, "Hanyar ma ta wasu ce, Malam."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Na buɗe baki in ce ya juyo in ga fuskarsa, sai na ji wani abu a cikin ƙirjina yana ce mini kada ka nema. Na tsaya ina kallo har ya gama ta huɗu, waɗannan huɗun dai na tsakiya, bai taɓa ko ɗaya a cikin sauran ba. Lemata ta zame daga kan dutsen, na kai hannu na tare ta, da na mayar da ido babu kowa. Ruwan shiru, igiyar ce kaɗai take ɗan rawa. Na duba bakin nan da bakin can, laka ce ɗanya ko ina, ba wanda ya fita ta cikinta. Na karanta abin da ya sawwaƙa na neman tsari, na sauko, azahar ɗin ranar sai a gida na yi ta, kuma sai da na sake alwala sau biyu don na kasa tuna ko na wanke ƙafa.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar dagaci. Ya shaida cewa Buba da Haladu suna gabansa tun hantsi, ƙaiƙayi ma bai bar kansu ba. Aka aika aka duba, gura huɗu wayam, da ƙullin marigayi. Na ba da labarin abin da na gani dalla dalla, ina tsammanin za a yi murna an wanke mutum. Sai na ga masunta suna kallon ƙasa.

Haladu ya ce, "Allah gafarta Malam, iya ina ka ce ruwan ya kama shi?"

Na ce iya ƙugu.

Ya ce, "A tsaye?"

Na ce a tsaye, yana takawa.

Ya yi wata dariya wadda ba ta kai ido ba, ya ce da Malam zai shirya labari don ya ceci mutuminsa, da ya fara tambayar masunta yadda wurin yake, domin tsakiyar mashigin nan ko raƙumi ya shiga ba a ganin tozonsa, su kansu a kan gora suke isa wurin. Na ce to a kai ni. Ranar Alhamis da safe aka sa ni a kwalekwale, karo na farko a rayuwata, ina riƙe da gefe hannu bibbiyu. Aka ɗaure gora biyu na tuƙi, wato dogayen sanduna, aka haɗa su wuri ɗaya aka miƙo mini. Ni da hannuna na zura su a daidai inda mutumin ya tsaya, har hannuna ya nutse zuwa gwiwa, ban taɓa ƙasa ba. Muka bi duk faɗin gurbin ko akwai wani dutse a ɓoye. Babu.

Kafin azahar magana ta zaga gari, kuma ba yadda nake so ba. Wasu suka ce mutum na gani a kan gora, tsufa ya hana ni bambancewa. Wasu suka ce rana ce ta buge ni. Waɗanda suka fi yawa suka ce Buba yana kawo mini nono da man shanu daga wurin danginsa, shi ya sa. Subhanallahi, ni da nake zargin kowa, sai ga shi kowa yana zargina. Matata ta ce ko a rijiya an daina gaishe ta yadda aka saba. Haladu kuwa ya tsaya a kan bakansa: ko ba Buba ne da hannunsa ba, shi ya turo, in ba haka ba ya rantse.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ba wanda ya fita. Aka kawo Alƙur'ani a cikin gafakarsa aka ajiye a gabana. Dagaci ya kira Buba, ya taso ya durƙusa, hannayensa a bayansa, ya girgiza kai. Na ga wani ya riga ya jingine gorarsa a bakin ƙofar masallaci, da taɓarya a kusa da ita.

Sai na ce a dakata. Na ce shekara da shekaru ina miƙa wa mutane Littafin nan, ban taɓa dafa shi don kaina ba, yau zan dafa. Na ɗora hannuna, kuma ku yarda da ni, sai a ranar na san abin da nake sa bayin Allah a ciki. Na rantse da Wanda ya saukar da shi cewa na ga wanda ya kwance gurar da idona, ba Buba ba ne, ba Haladu ba ne, bai ɗauki kifi ko ɗaya ba, sakin su ya yi, kuma a tsaye na gan shi. Sannan na ce, tunda babu abin da aka ɗauka, babu satar da za a rantse a kanta. Na ƙara da cewa akwai mai laifi a cikin wannan magana, kuma ni ne. An tambaye ni a kan wuri, na amsa ban gan shi ba. Na ce a buɗe gurbin nan kamar yadda magabata suka bari, ba don a ba wa wani aljani rabo ba, wannan har gobe ina kan bakana, sai don kifi ya sami hanyar komawa, a sami na kamawa baɗi.

Dagaci ya ce magana ta ƙare, Buba ya ɗauki gorarsa. Haladu bai ce ya yarda da ni ba, har na bar garin bai faɗa ba. Amma shi da kansa ya je ya cire gura huɗun nan kafin magariba, kuma da zai tafi sai da ya ratso ta zaurena, yana kallon gefe, ya ce ko akwai wata addu'a da ake yi kafin a shiga ruwa. Na rubuta masa. Tun daga ranar ba a sake kwance gurar kowa ba.

Bayan kamar mako uku, kaka ta kusa ƙarewa, Buba ya zo mini da hantsi da farin dumi guda ɗaya, ƙato, a nannaɗe cikin ganye. Na ce ya mayar, kada a ce an biya ni. Ya ce ai an riga an faɗa, gara in ci. Muka yi dariya. Sai na ce masa yanzu da komai ya wuce, ina so ya warware mini abu ɗaya: mutum mai gaskiya, ga yara bakwai, ga taɓarya a kan gorarsa, me ya hana shi rantsuwa?

Ya ce da gaɓa biyu ce, da tun ranar farko ya dafa. Bai yi ba, bai sa an yi ba. Ta ukun ce ba zai iya ba.

Na ce, kana nufin ka san shi?

Ya ce tun kafin a kai ƙara, ranar da aka fara kwance gurar, ya dawo daga gona da rana don ya ɗauki wuƙar da ya manta a bakin ruwa. Shi ta dutsen yamma ya bi.

Ya ce, "Malam, kai bayansa ka gani. Ni fuskarsa na gani."

Na tambaye shi ko wane ne. Ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce in yi masa uzuri, ya sa takalmansa ya fita. Na sake zama shekara huɗu a garin, na tambaye shi sau biyu, na uku na ji kunya. Ya rasu da abinsa a ciki, Allah ya jiƙansa.

Na san abin da wasunku suke rayawa, ni ma na raya shi. To ku sani, wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa ya yi aikin duniya, a kan wannan aƙida nake kuma a kanta nake fatan cikawa. Na kuma san akwai halittun da suke ganinmu ta inda ba ma ganinsu, a cikinsu akwai masu amsa sallama. Ban ce wannan ne ba, ban ce wancan ne ba. Na karanta abin da Allah ya nufe ni da karantawa, ban sami babin da zan ajiye wannan a cikinsa ba.

Nasihata gare ku kaɗan ce. Wanda Allah ya ba shi abin faɗa a cikin mutane, kada ya yanke hukunci a kan wurin da ƙafarsa ba ta taka ba. Idan kun ga mutum ya ƙi kare kansa, kada ku yi saurin cewa rashin gaskiya ne, wani shirun nauyi ne ya yi masa yawa. Idan kuma tafiya ta kai ɗayanku bakin ruwa da rana tsaka, ya ambaci Allah kafin ya matsa, in ya tarar da wani ya ba shi baya yana aikinsa, ya yi sallama ya wuce.

Ni dai shekara ashirin ke nan, duk ranar da abin ya faɗo mini, sai in yi wa Allah godiya da bai juyo ba.